Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Manyan 'Yan Kasuwar Magani Na Kano

Alhazai masu girma,



Ɗalibin ilimin haɗa magunguna a Jami'ar Bayero shekara 6 yake yi kafin ya fito. Ga kuɗin rajista, ga farar rigar ɗakin gwaje-gwaje, ga littattafai masu tsada. Ɗan talaka sau da yawa hoton littafin abokinsa yake ɗauka a waya. Rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 kuwa, bashi ne da ke jiransa.

Shagunanku, har na kasuwar magani ta Dangwauro, ba sa tsayuwa bisa doka sai da lasisin irin waɗannan ɗalibai bayan sun kammala.

Don haka ana roƙonku ku kafa asusun tallafi, ku ɗauki nauyin haziƙai marasa ƙarfi, musamman mata, kuna bayyana sunayensu duk shekara.

Wassalam,
Wani mai kishin ilimi, Kano