Kyamarar Tsaro: A San Inda Za Ta Duba Da Wanda Zai Kalla

A 'yan shekarun nan, duk wanda ya shiga banki, ko babban kanti, ko otal a Kaduna, Jos ko Abuja, idan ya ɗaga kai zai ga wata 'yar na'ura a manne da bango tana dubansa. Wannan ita ce kyamarar tsaro. A da sai a gidajen gwamnati da na attajirai ake ganinta, amma yanzu ta yi araha har ta shigo majami'unmu da makarantunmu da gidajenmu. Majalisun dattawa da yawa suna shawara ko za su ɗebi kuɗin baiko su saye ta. Saboda haka muka ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu, don kada a kashe kuɗin Ubangiji a kan abin da ba a fahimta ba.

Dalilin da ya kawo mu nan ba ɓoyayye ba ne. Ba mu manta da bam ɗin da ya tashi a majami'ar St. Theresa ta Madalla ranar 25 ga Disamba, 2011 ba, ko harin hedkwatar COCIN a Jos cikin Fabrairu, 2012, ko kisan masu sujada a Owo ranar 5 ga Yuni, 2022. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun sha irin wannan baƙin ciki a babban masallacin Kano cikin Nuwamba, 2014. Ban da waɗannan, ga satar janareta da kayan kiɗa da babura a harabar majami'a, ga kuma masu garkuwa da mutane. Wanda ya ce yin tanadin tsaro rashin bangaskiya ne, sai ya sake karanta labarin Nehemiya. Sa'ad da maƙiya suka ƙulla makirci a kan masu gina garun Urushalima, bai zaɓi tsakanin addu'a da gadi ba, duka biyun ya haɗa.

Irin wannan tsoro ne ma ya fara kai na'urar cikin gida. A shekarar 1966 wata baƙar fata ma'aikaciyar jinya a birnin New York na Amurka, Marie Van Brittan Brown, ita da mijinta suka tsara hanyar ganin mai ƙwanƙwasa ƙofa a allon talabijin ba tare da an buɗe masa ba. An ba su takardar mallakar wannan fasaha a 1969. A 1996 kuma kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ya fito da kyamarar da ke aika hoto ta hanyar sadarwar kwamfuta. Daga nan aka taho har zuwa yau, da mutum zai iya zama a kasuwar Terminus yana kallon ƙofar gidansa a wayar hannu.

Ya kamata mai saye ya san ire-irenta, domin kowace da aikinta. Akwai mai kama da ƙoƙo a kife, wadda ake mannawa a silin. Ita ta dace da cikin ɗaki, kuma da wuya mutum ya gane inda ta fuskanta. Akwai doguwa mai kama da tocila, ta waje, wadda ke duban wuri ɗaya kamar ƙofar shiga ko wurin ajiye motoci, kuma ganinta kaɗai kan sa ƙaramin ɓarawo ya sake shawara. Akwai mai juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, tana jawo nesa kusa. Tana da tsada, kuma amfaninta ya fi fitowa idan akwai mai zama yana sarrafa ta, gama sa'ad da ta juya gabas ba ta san abin da ke faruwa a yamma ba. Yawancinsu suna da wasu ƙananan fitilu masu hasken da idon mutum ba ya gani, da su suke ɗaukar hoto cikin duhu, ko da yake hoton kan fito fari da baƙi.

Ta wajen haɗawa kuma, wasu ana jan waya daga jikinsu zuwa akwatin naɗar hoto, wasu ta iska suke aikawa, wasu kuma suna aiki da hasken rana da layin waya a cikinsu, abin da ya sa suka dace da gona ko majami'ar ƙauye da babu lantarki. Hukumomi suna da nasu, masu karanta lambar mota da masu tantance fuska. Sai iri na ƙarshe, wanda ya fi damunmu, wato ɓoyayyiya, wadda ake sakawa cikin ƙwan lantarki, ko agogon bango, ko cajar waya.

Babu shakka na'urar tana da amfani. Tana rage ƙananan sace-sace a inda aka san tana nan. Tana raba gardama idan an yi karo a ƙofa ko kaya ya ɓace. A ɗakin ƙirga baiko, kariya ce ga ma'aji mai gaskiya, domin ma'aji nawa aka ɓata wa suna da zargin da babu mai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa? Tun da aka kafa Dokar Shaida ta 2011, kotunan Nijeriya suna karɓar irin wannan hoto idan an cika sharuɗɗan sashe na 84. Gani ya kori ji.

Amma fa a sani, kyamara shaida ce kawai. Ba ta da hannu, ba ta da ƙafa, ba ta tare hanya. London tana cikin biranen da suka fi yawan kyamarori a duniya, duk da haka ranar 7 ga Yuli, 2005 'yan ƙunar baƙin wake huɗu suka kashe mutum 52 a jiragen ƙasa da motar bas. Kyamarori sun ɗauke su suna tafiya da jakunkuna a baya, amma sai bayan an yi ɓarnar aka dawo ana duba hoton. Idan babu mai kallo, babu wanda za a kira, babu wanda zai zo da sauri, to abin da aka saya shi ne hoton masifa.

Mu a nan gida muna da namu darasi. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470, yawancinta bashi daga ƙasar Sin, don kafa hanyar sadarwar tsaro da ta haɗa da kyamarori wajen 2,000 a Abuja da Legas. Ba a daɗe ba aka riƙa ganin sandunan a tsaye babu aiki, an kwashe batura da allunan hasken rana, har Majalisar Wakilai ta shiga bincike. Idan haka ta faru da gwamnati mai kuɗi, ikilisiyar da ke dogara da baikon gwauruwa sai ta yi hattara. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin kyamara. Idan an ɗauke wuta kuma babu batir, ta makance, kuma a daidai wannan lokaci ɓarawo ke zuwa. Idan ma'ajiyar akwatin ta cika, sabon hoto yana share tsoho, har wanda ya jinkirta zuwa dubawa ya tarar babu kome. Agogon akwatin idan ba daidai yake ba, shaidar ta raunana. Ɓarawo mai wayo kuma akwatin naɗar zai fara nema ya tafi da shi. Wanda bai shirya kuɗin kulawa ba, bai gama shirin saye ba.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi nauyi. Na'urar da ke kama ɓarawo ita ce kuma ke iya tona asirin bawan Allah. Faɗuwar Sarki Dawuda daga kan soron fadarsa ta fara, da kallon abin da bai kamata ya tsaya kallo ba, ta ƙare da jinin Uriya. Yau kowane mai wayar hannu da kyamara a gida yana da irin wannan soro. A littafin Farawa kuma, ɗaya daga cikin 'ya'yan Nuhu ya ga tsiraicin mahaifinsa ya fita ya ba da labari, sauran biyun suka kau da fuska suka rufe shi. Mun san waɗanda suka sami albarka. Mai bi da ya ɗauki hoton kuskuren wani daga akwatin naɗa ya watsa a WhatsApp don a yi dariya, sai ya tambayi kansa hanyar wane ɗa ya bi.

Muna so mu yi magana musamman a kan 'yan aikin gida. Yawancinsu 'yan mata ne da aka ɗauko daga ƙauye, iyayensu suka ba da su amana. Uwar gida tana da dalilin son sanin yadda ake kula da jaririnta, ba mu musa ba. Amma sai a kafa kyamarar a falo a sarari, a kuma gaya wa yarinyar tana nan. Kafa ta a ɓoye a ɗakin da yarinya ke kwana ko sake tufafi cin amana ne da zunubi, kowane suna aka ba shi. Haka nan miji ko matar da ya koma leƙen abokin aurensa da ɓoyayyiyar na'ura, gidansu fasto da dattawa yake bukata. Zargi ba ya ƙoshi da hoto, ƙara masa yunwa yake yi.

Ko mai kyakkyawar niyya ma yana iya buɗe gidansa ga baƙi bai sani ba. A 2014 an gano wani shafin intanet da ke nuna hotunan dubun-dubatar kyamarori kai tsaye daga ƙasashe daban-daban, har da na cikin ɗakuna, don kawai masu su ba su canza lambar sirrin da aka sayo su da ita ba. Ma'aikacin da ya kafa maka na'urar, idan ba ka canza lambar ba, yana iya ci gaba da kallon iyalinka daga shagonsa. Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta ɗora nauyi a kan ƙungiyoyin da ke tattara bayanan mutane.

Don haka muna kira ga majalisun ikilisiyoyi da magidanta su lura da waɗannan abubuwa. Da farko, a kafa ta a ƙofar shiga, da katanga, da wurin motoci, da ɗakin ƙirga baiko. Kada ta kusanci makewayi, ko ɗakin sake tufafi, ko ofishin da mai nauyin zuciya ke zuwa ya yi kuka gaban fastonsa. Na biyu, a sa sanarwa a ƙofa kowa ya sani. Na uku, a naɗa amintattu biyu ko uku, da mace a cikinsu, su kaɗai ke da ikon buɗe hoton, kuma kada a fitar da shi sai da izinin majalisa ko bukatar hukuma. Na huɗu, a canza lambar sirri ranar da aka kafa, a ɓoye akwatin, a tanadi batir, a riƙa gwadawa kowane mako. Na biyar, kada kyamararka ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, musamman inda mata ke zaune. Zaman lafiya da shi ya fi maka kowace na'ura amfani. Na ƙarshe, kada a sallami maigadi ko a rage matasan da ke tsaron ƙofa ranar Lahadi da sunan an sayi kyamara.

Ga gwamnatocin jihohi da ke kafa nasu a tituna, muna roƙo su faɗa wa jama'a nawa aka kashe, wa ke kallo, da wanda zai amsa kira idan an ga abu. Mu kuma masu bi, mu tuna akwai idon da ya riga kowace kyamara ganinmu, yana ganin ɓarawo, yana kuma ganin mai zaune gaban allo. Allah ya tsare ikilisiyarsa, ya ba ƙasarmu salama. Amin.