Uwargida, Kada Ki Raina Ƙarar Da Kike Ji A Ƙarƙashin Mota

 Na san wata za ta ce yau kuma Malama ta bar zancen tarbiyya ta koma gareji. To ku biyo ni a hankali, domin maganar ta shafi rayukan yaran da muke tarbiyyantarwa.

Daminar bara muka tashi daga Talata Mafara za mu suna Bakura a tsohuwar Land Rover ta maigidana, ni da yara uku muna baya. Duk sanda ya ɗaga ƙafa daga totur ya sake takawa, sai in ji "ƙwas!" a ƙarƙashin ƙafafuna, kamar an saki taɓarya a turmin da babu komai. Na yi masa magana, ya yi dariya ya ce, "Maman Yara, tsoho ai ba ya rasa tari." Na ja bakina na yi shiru. Da muka dawo gida, ya ci abinci ya huta, sai na sake tayar da zancen, na faɗa masa daidai lokutan da ƙarar take zuwa. Washegari ya kai ta gareji, aka samu kuros ɗin farfela ya cinye, saura ƙiris ya ɓalle.

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, wadda ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa tayoyi. Motar da ke jan taya huɗu tana da guda biyu, ta gaba da ta baya. A bakin farfela akwai wata gaɓa mai hannu huɗu, ita makanikai ke kira kuros. Idan kuros na gaban farfelar baya ya tsinke ana cikin gudu, sandar kan faɗo ta caki ƙasa, tana iya fasa giya, ta yanke bututun birki, har ta kifar da mota. Allah Ya kiyashe mu.

Ke da ke zaune a baya kin fi direba jin wannan ƙara, don a ƙarƙashinki take. Abin da za ki lura da shi shi ne lokacin da take zuwa, domin shi ne rabin binciken makanike:

Na farko, idan "ƙwas" ɗaya ce lokacin tashi, ko sa ribas, ko sakin totur da sake takawa, to a fara zargin kuros, sannan haƙoran da ke cikin aksil, ko kuma robobin da ke riƙe inji da giya.

Na biyu, idan sai an faɗa rami ko an hau gargada take zuwa, yawanci ba farfela ba ce. A duba bushin, sifirin da shokazoba.

Na uku, idan "ƙas-ƙas-ƙas" ce a jere lokacin shan kwana, a duba gaɓar da ke juya tayar gaba.

Na huɗu, idan mota tana karkarwa, kuma abin yana ƙaruwa da gudu, wannan ba ta jira ba ce. A rage gudu, a nufi gareji mafi kusa.

Maigida zai iya dubawa a ƙofar gida. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe inji, a tokare tayoyi da manyan duwatsu gaba da baya, sannan a cire giya. A tsohuwar Land Rover birkin hannu farfelar baya yake kamawa, don haka sai an sake shi, shi ya sa tokarar ta zama dole. Sai ya kama farfelar ya murɗa ta, ya girgiza ta sama da ƙasa. In gaɓar tana wasa, ko ya ga jan garin tsatsa a bakinta, ta gama aiki. Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma a kore yara daga wurin.

Me ke cinye kuros a yankinmu? Ruwa da laka. Mai zirga-zirga a gonakin Bakolori ko ƙauyukan Maradun da damina, ruwa na wanke masa giris, yashi ya maye gurbinsa. Ga lodin buhunan shinkafa da ya wuce kima ranar kasuwa. Sannan a motocin da sai an so ake sa musu giyar taya huɗu, barin ta a kan busasshiyar kwalta yana wahalar da ƙarafan. Maganin mai sauƙi ne: a ɗura giris bayan an ratsa ruwa, a duba man giya da na aksil.

'Yar'uwa, kin san halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki. Mota ta mace wa mutum da iyali a daji bayan la'asar ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin kuros bai kai na giya ba, balle a zo ga rai. Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali. Addu'ar hawa abin hawa da muke koya wa yara a Islamiyya tana tafiya ne tare da gyara.

Sai dai a iya baki. Kada ki ce wa maigida motarsa akwala ce, balle a gaban yara. Ki ce, "Malam, na ji ƙara sau uku, duk lokacin da ka sa ribas." Wannan bayani ne da zai iya ɗauka ya kai gareji. In kuma ya ce aljihu ne, ki tuna masa ɗinkin Sallah yana iya jira.

Allah Ya tsare mana mazajenmu da zuriyarmu a gida da hanya.