Saƙon Murya: Sallamar Ɗan Kasuwa A Ƙofar Mai Saye

Duk wanda ya tsaya a garin Uke, wanda ke kan babbar hanyar Abuja zuwa Keffi a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, zai lura cewa yawancin cinikin da ake ƙullawa da mutanen Babban Birnin Tarayya a waya yake farawa. Mai doya da mai buga bulo da mai tifar yashi, kowannensu na neman mai saye a Mararaba, Nyanya, Wuse ko Dei-Dei. Sai dai sau da yawa wanda ake nema yana ofis, ko yana tuƙi, ko kuwa ya ga baƙuwar lamba ya ƙi ɗauka. A nan ne ɗan kasuwa kan bar saƙon murya, kuma a nan ne da yawa ke yin asarar cinikinsu ba tare da sun sani ba.

Idan za a iya tunawa, kafin shekarar 2001 layukan tarho na kamfanin NITEL a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agustan 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula, amma al'adar barin saƙo a akwatin murya ba ta samu gindin zama a tsakaninmu ba, sai ma aka fi sabawa da filashin. Bayan da WhatsApp ya shigo da saƙon murya a shekarar 2013 ne lamarin ya sauya, domin ya dace da jama'ar da ta fi sakewa da baki fiye da alƙalami.

A ganinmu, babban kuskuren 'yan kasuwarmu shi ne ƙoƙarin kammala ciniki gaba ɗaya a cikin saƙo guda. Za ka ji mutum ya shafe minti huɗu yana gaishe-gaishe da yabon hajarsa, bai ko faɗi sunansa ba. Alhali aikin saƙon murya guda ɗaya ne tak: ya sa mai saurare ya ga dalilin kiran ka. Matsayinsa ɗaya da sallama a ƙofar gida, kuma mai sallama ba ya kwance kayansa sai an ce masa ya shigo.

Saboda haka, saƙon da zai yi tasiri kada ya wuce rabin minti. A fara da sallama da gaisuwa a taƙaice, sannan suna da sana'a da gari. Idan wani ne ya ba da lambar, a ambace shi da izininsa, domin wannan ne ke kawar da zargi a zamanin da 'yan damfara suka sa kowa ɗari-ɗari da baƙuwar murya. Daga nan sai a faɗi abu ɗaya da ya shafi buƙatar mai saye, a kuma ajiye lokacin da za a sake tuntuɓar sa. Alal misali: "Assalamu alaikum Alhaji, barka da aiki. Ni ne wane, mai doya daga Uke. Hajiya wance ce ta ba ni lambarka. Ina da ƙwarya biyar ta sabuwar doya, kuma motata za ta shigo Wuse ranar Laraba. Idan kana buƙata ka kira ni kafin gobe da yamma, in ba haka ba zan sake neman ka bayan La'asar."

Bugu da ƙari, gaskiya ce jarin wannan saƙo. Wanda ya ce kaya sun kusa ƙarewa alhali rumbu cike yake, ko ya ambaci farashin da zai janye daga baya, zai iya samun kira sau ɗaya, amma ba zai samu na biyu ba. Magana zarar bunu ce, balle kuma wadda aka naɗa, wadda ake iya tura wa abokan ciniki goma cikin minti guda.

Wasu za su ce naci ne ke kawo kasuwa. Haka ne, amma naci yana da iyaka. Yawan saƙonnin talla da suka addabi jama'a ne ya sa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fito da lambar 2442 a shekarar 2016 domin masu waya su toshe su. Ko da yake an yi wannan ne saboda tallace-tallacen da ke bi ta kamfanonin waya, darasin ya shafi kowa: wanda ya gaji da kai, toshe ka zai yi. Saƙo biyu a mako sun wadatar, kuma a guji tsakar dare da lokutan salla.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Uke, Masaka da Keffi da su riƙa koya wa yaran shago wannan ladabi kamar yadda ake koya musu awo da lissafi. Shi kuwa ɗan kasuwa, kafin ya tura saƙo, ya saurare shi tukuna, ya tambayi kansa ko da shi aka turo wa zai kira.