Mu Da Turanci, Su Da Faransanci

Ku yi mini haƙuri, wannan karon ba wasiƙunku zan amsa ba. Wani abu ne ya faru a gidanmu a Kurya Madaro lokacin bikin ƙanwata, har yau ya ƙi barin zuciyata.

Ina da Goggo, ƙanwar mahaifinmu uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai ta Maraɗi tun kafin a haife ni. Ta zo bikin da autarta, yarinya 'yar shekara 17, kyakkyawa son kowa, ga kunya. Ta Ɗan Isa suka biyo, suka faɗo Jibiya, Zurmi, sannan Ƙaura. Duk wadda ta san halin da hanyar nan take ciki ta san ba ƙaramin zumunci ne ya sa su fitowa ba.

Daren lalle ƙawayen amarya sun cika ɗaki, kowa da wayarta, ana ta hirar 'yan fim da mawaƙa. Wallahi yarinyar nan ta ba ni mamaki. Ali Nuhu, Adam A. Zango, Hamisu Breaker, Umar M. Shareef, babu wanda ba ta sani ba. Shirin Labarina kuwa ta fi ni riƙe shi. Can sai aka ce ita ma ta sa mana nata. Ta sa Fally Ipupa na Kwango, ta sa marigayi DJ Arafat na Abijan, wanda ta ce ranar da ya rasu a 2019 yayyenta kuka suka yi. Sai ɗaki ya yi tsit. Wata ta taɓe baki ta ce, "Mi wanga ka faɗi? Cire muna shi don Allah." Yarinya ta ce ai mushensu na lakwal ma yana jin irinsu. To fa! Nan aka kwashe da dariya har da masu faɗuwa a katifa, wai malaminsu mushe ne. Su a can haka suke kiran malamin makarantar boko, daga Faransanci kalmar ta fito. Ba wanda ya tsaya ya ji wannan. Ƙarshe wata ƙawar amarya ta ce, "Ke dai 'yar Nijar ce kawai."

A bayan ɗakin girki na same ta tana share hawaye da gefen mayafi. Na ce, "Haba ƙanwata, wasa ne fa." Ta ɗago ta ce, "Yaya, mu mun san naku duka. Ke da kike rubuta littafi, faɗa mini namu guda uku."

Na ce Fati Nijar. Ta ce wannan ai haifaffiyar Maraɗi ce amma sai da ta zauna Kano kuka san ta. Na ce Rakiya Musa, ta ce ita ma haka. Daga nan bakina ya mutu.

Ita ta fara gaya mini Umaru Ganda, na zo daga baya na bincika. Ashe tun 1972 fim ɗinsa kan auren mace fiye da ɗaya ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu, kuma shi ne mutum na farko da aka taɓa ba wa kyautar. Ku lissafa da kanku: Turmin Danya, da ake cewa shi ne farkon finafinan bidiyo na Kano, sai 1990 ya fito. Akwai Zalika Sule da ta yi fice a finafinan Nijar tun iyayenmu suna yara, ta rasu a 2021. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta da Faransanci a 1980, aka mayar da shi fim a 1986. Ni da na yi shekara shida a sakandare, Sarauniya Amina kaɗai aka taɓa ambata mini.

Abin da ya raba mu ba boyayye ba ne. Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layi, tsakanin 1906 da 1908 aka bi aka kafa alamun iyaka. Kakata har ta koma ga Allah ba ta cewa Nijar, sai dai Faranshi. Kowane ɓangare aka ba shi harshen makaranta daban, kuma inda harshen ya nufa can ido yake kallo. Tauraronmu in ya ƙasaita sai Legas: Ali Nuhu ya yi finafinan Kudu, Rahama Sadau ta yi su har ta kai Indiya. Nasu in ya ƙasaita sai Yamai, Abijan, Faris. Bombino na Agadas ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Grammy ta Amurka a 2019, amma na tabbata a ɗakin nan ranar babu wadda ta taɓa jin sunansa.

Kuma da ba haka abin yake ba. Innarmu da ta ji zancen cewa ta yi, su da suna 'yan mata kasat ɗin Sa'adu Bori na Maraɗi har rububinsa ake a kasuwar Shinkafi ran Alhamis, babu mai tambayar ƙasarsa. Narambaɗa na Tubali da muke taƙama da shi a wannan yanki, masana sun rubuta cewa mahaifinsa daga Filinge ya fito. Makaɗan gargajiya ba su san iyaka ba. Mu 'yan boko ne muka san ta.

Ba na cewa su ba su da nasu laifin. Ita kanta yarinyar in ta so ta nuna wayewa sai ta juya harshe, ta bar ka a tsaye, kuma na ji yadda take kiran Hausarmu ta 'yan birni gurɓatacciya. Amma a ganina namu ya fi yawa, don mu ne masu yawan jama'a da kasuwa, sai muka ɗauka duk wanda bai iya irin Turancinmu ba baƙauye ne. Hadiza Gabon ta zo mana daga Libirabil da Faransanci a bakinta, sai da ta koyi irin maganarmu kafin mu rungume ta. Wace 'yar fim ɗinmu ce ta taɓa wahalar koyon tasu? Ga shi tun 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, mu da muka fi su yawan Hausawa ba mu kai nan ba.

Ni ma ban fita ba. Na ba ta littafina na biyu, ta zauna tana haɗa baƙi da ƙyar, don su "c" ɗinmu "tch" suke rubuta ta, "u" kuma "ou". Ta daure har ta iso inda saurayi yake bayyana wa budurwa sirrin zuciyarsa. Nan ta ajiye ta ce, "Yaya, me ya ce mata?" Layi huɗu cur da Turanci na rubuta, wai don a san ɗan jami'a ne. Wajen da ya fi ko'ina daɗi a littafin, nan na rufe mata ƙofa. Wanda nake rubutawa yanzu na koma na soke irin waɗannan wurare har guda tara, yaron ya faɗi son da yake yi da Hausa, kuma wallahi ya fi tsuma zuciya.

Ƙawar amaryar nan ba ta ba da haƙuri ba har aka watse. Goggo da za su hau mota a tashar Ƙaura ta ce wa mahaifinmu, "Yaya, ni dole in zo, gidan ubana ne. Amma yarinyar nan ba zan sake janyo ta ba." Baba bai ce komai ba, sai dai ya ƙara musu kuɗin mota.

Da daddare saƙo ya shigo wayata: "Yaya moun issa lafia, ki gaida Inna." Sai da na karanta sau uku na gane "mun isa" take nufi. Na mayar mata cewa ta turo mini waƙoƙin nan da aka hana ta sa wa, da fassararsu. Ta turo biyu, ta ce sauran sai ta ga ko da gaske nake.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, zan koma kan wasiƙunku.