Samarin Kwaciri da Sana'ar Kiɗan DJ

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta kafu a unguwannin Ƙaramar Hukumar Fagge, tun daga Kwaciri da Rijiyar Lemo har zuwa Sabon Gari, ita ce sana'ar kiɗan DJ, wato mutum ya ɗauki lasifikoki da kwamfuta ya je wurin biki ko suna ko taron ɗalibai yana sa wa jama'a waƙoƙi ana biyansa. Yawancin masu shiga cikinta samari ne da suka gama sakandare, wasu ma suna da takardar difloma, sun nemi aikin albashi ba su samu ba. Ko mutum yana son wannan sana'a ko ba ya so, ta riga ta zama hanyar cin abincin waɗansu 'ya'yan talakawa, saboda haka ya kyautu a dubi halin da mai fara ta yake shiga, a kuma san abin da ya wajaba a kan hukuma da abin da ya wajaba a kansa.

Kiɗa a wurin biki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan garmaho da rikoda akwai masu kalangu da masu kotso da masu kukuma da zabiyoyi, kuma kowane rukuni yana da tsarinsa. Yaro yakan taso a gidan kiɗa, ya fara da ɗaukar ganga, ya zama ɗan amshi, ya yi shekaru a bayan ubangidansa kafin a sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. A nan yake koyon abin da ake faɗa a gaban manya da abin da ba a faɗa, da lokacin da ake farawa da lokacin da ake tashi. In rigima ta taso akwai sarkin makaɗa da za a kai wa ƙara. Shi kuwa kiɗan DJ daga waje ya zo. Ana danganta tushensa na zamani da wani ɗan asalin Jamaika mai suna Kool Herc, wanda ya yi wani shahararren wasa a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka cikin 1973. Na'urar ta iso Kano, amma tarbiyyar gidan sana'a ba ta biyo ta ba, kuma daga nan yawancin matsalolin suka samo asali.

Matsala ta farko ita ce jari. Mai son farawa yana bukatar aƙalla manyan lasifikoki biyu, da amfilifaya, da na'urar haɗa sauti, da makirfo, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da wayoyin da za su haɗa su. Kusan dukan waɗannan kaya daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu kuwa yana bin dala. A farkon watan Yunin 2023 ana sayar da dala ɗaya a hukumance a kan Naira ɗari huɗu da sittin da 'yan kai, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce Naira 1,500. Saurayin da ya shiga shagunan kayan lantarki na Sabon Gari da kuɗin da ya daɗe yana tarawa sai ya tarar ba za su saya masa ko rabin abin da yake bukata ba. Daga nan sai ya koma ga kayan gwanjo waɗanda ba su da tabbas, ko kuma ya riƙa haya daga hannun wanda ya riga shi, a raba abin da aka samu, kaso mafi tsoka ya tafi ga mai kaya.

Ta biyu ita ce wutar lantarki. Babu mai hankalin da zai karɓi aikin biki ya dogara da wutar gari, domin in ta ɗauke ana tsakiyar kamu, ba kamfanin wuta za a zaga ba, shi za a zaga. Dole ne ya tanadi janareta, ya kuma sayi mai. Kafin a janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ɗaya ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba, amma a ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Ga kuɗin a-daidaita-sahu ko ƙaramar motar da za ta kai kayan ta dawo da su, ga ladan yaran da za su ɗauka su sauke. Bugu da ƙari, ƙaramin janareta yakan ba da wuta mai hawa da sauka, wadda take ƙona amfilifaya cikin dare ɗaya, ta haɗiye ribar wata guda.

Ta uku ita ce rashin malami. Jama'a da dama suna zaton aikin DJ shi ne danna maɓalli kawai, alhali kuwa ba haka ba ne. Gwani yakan daidaita saurin bugun waƙa biyu ta yadda ɗaya za ta shige cikin ɗaya ba tare da masu rawa sun tsaya ba. Yakan san ƙarfin da lasifikarsa za ta iya ɗauka, ya san inda zai tsayar da makirfo don kada ta yi ƙara mai huda kunne. Mafi muhimmanci, yakan karanta taron da ke gabansa, domin waƙar da ta dace da liyafar ɗalibai ba ita ta dace da wunin da iyaye mata da gwaggonnin amarya suke zaune ba. Manhajoji irin su VirtualDJ da Serato suna sauƙaƙa haɗa waƙoƙi, amma babu manhajar da take koyar da kunya da sanin ya kamata. Sabon shiga yakan koya ne a wayar hannu shi kaɗai, kuma a bikin mutane yake yin kurakuransa.

Ta huɗu ita ce ciniki. Saboda yana neman suna, mai farawa yakan karɓi aiki da baki kawai, ba takarda, ba kafin alƙalami, wani lokaci ma a ce masa ya dogara da abin da za a liƙa. In an watse sai a shiga yi masa gobe-jibi. Shi kansa liƙin ba abin dogaro ba ne, gama sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun Naira da tattaka su a wurin biki, ya kuma tanadi ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyu. Sannan aikin yana da lokaci. Bukukuwa sukan yi yawa gab da azumi da kuma bayan Sallah, amma watan Ramadan kasuwar takan mutu, damina kuma ruwa yakan tarwatsa taron waje ya jiƙa kaya.

Duk da haka, ba za a ce kukan da jama'a suke yi da masu wannan sana'a ba shi da dalili ba. A unguwa mai cunkoso irin Kwaciri, inda katanga take jingine da katanga, lasifikar da aka kafa a bakin layi tana shiga ɗakin mara lafiya da na ɗalibi mai shirin jarrabawa da na ma'aikacin da zai yi sammako. Akwai waɗanda ba sa kashe kiɗa in an kira salla, akwai masu sa waƙoƙin batsa a gaban yara, akwai kuma tarukan da 'yan daba suke fakewa da su su yi ƙwacen waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙarar sauti, kuma a 2022 ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren nishaɗi ya wuce ma'aunin desibel 100. Wanda ya fi kowa kusa da lasifikar kuwa shi ne mai kiɗan da kansa.

Hukumomin da abin ya shafa suna nan. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka yi dokar Hukumar Hisba a 2003, kuma tun 2009 Gwamnatin Tarayya take da ƙa'idojin hana ƙarar da ta wuce kima. A 2025 Hukumar Tace Finafinai ta hana bikin nan da ake kira ranar ƙauyawa. Babu mai musun cewa hakkin hukuma ne ta tsare tarbiyya da zaman lafiyar unguwanni. Sai dai hani da kame su kaɗai ba sa raba saurayi da sana'ar da ba shi da wata. Abin da sukan haifar shi ne a koma yi a ɓoye, inda ba idon kowa. Kuma in an kama kaya, mai ƙarfi yakan fanshi nasa, sabon shiga kuwa da ya yi haya shi ne yake kwana da bashin da ba zai iya biya ba.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Gwamnatin Jiha da ta sa a rubuta ƙa'idojin wannan sana'a cikin Hausa mai sauƙi, a karanta su a gidajen rediyo, a manna su a ofishin Ƙaramar Hukuma da ƙofar masu unguwanni. A bayyana ƙarfe nawa ake tashi, da iyakar ƙarar da aka yarda da ita, da irin taron da aka hana, da hukumar da ke da alhakin ba da izini, don kada yaro ya bi umurnin wani ofishi ya faɗa hannun wani. Kuɗin rajista ya zama wanda mai farawa zai iya biya, a kuma ba shi rasit da katin shaida. Haka nan ya kyautu cibiyoyin koyar da sana'o'i na jiha da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa su buɗe ɗan gajeren kwas na sarrafa sauti da gyaran kayansa. Wanda ya iya wannan ba a biki kaɗai zai ci abinci ba. Masallatai da makarantu da wuraren wa'azi da ɗakunan taro da gidajen rediyo duk suna bukatar wanda ya san yadda ake saita lasifika.

Su kuma samarin, lalle ne su san cewa mutuncin sana'arsu yana hannunsu. Ya kamata na Fagge da Sabon Gari su haɗa kai su tsayar da shugabanni, manya su ɗauki ƙanana a matsayin almajiran sana'a kamar yadda makaɗan dā suka yi, su hukunta nasu kafin hukuma ta zo. Kada wanda ya karɓi aiki sai da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu. Ya gai da mai unguwa kafin ya kafa kaya, ya kashe kiɗa lokacin salla, ya tashi a kan lokaci. Iyayen biki su ma suna da nasu alhakin, domin su ne suke kiran mai kiɗa, su ne kuma sukan matsa masa ya ƙara sauti ya ƙara lokaci, sa'an nan in rigima ta zo su bar shi shi kaɗai.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan sana'a yarinya ce har yanzu, kuma yawancin masu yin ta ba su da iyali tukuna. In an tsara ta yau, Kwaciri da maƙwabtanta za su sami masu sana'a da ake girmamawa, maƙwabta kuma su sami barci. In aka bar ta kara zube, sai a ci gaba da kame da ƙorafi shekara bayan shekara ba tare da kowa ya amfana ba. Allah Ya sa a dace.