Cike Rami Ba Ya Dawo da Rijiya, Malam

Malam, ka rubuta cewa haƙar kwal a buɗaɗɗen rami ba ta taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa, wai da an mayar da ƙasa shi ke nan. Haba! Ka taɓa leƙa wurin haƙar kwal na Maiganga a Gombe kuwa? Kafin a kai ga kwal, injina ne ke zuƙe ruwan ramin dare da rana, rijiyoyin maƙwabta su ja baya, guga ya dawo da laka. Duwatsun da aka tono kuma, masu farar wuta, da sun haɗu da iska da ruwa sai su fitar da asid, ruwa ya yi ja da tsatsa. Buldoza ba ta gyara wannan. A Hambach ta Jamus, inda zurfin rami ya kai kusan mita 400, shekaru masu yawa ake lissafawa kafin ruwan yankin ya farfaɗo.