Inshorar Tsohuwar Mota: A Yanke Daraja Tun Kafin Haɗari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya bayan motoci biyu sun yi karo ya san yadda al'amarin kan ƙare. Jama'a su taru, kowa da nasa hukunci, direbobin su yi ta cacar baki, sa'an nan wani dattijo ya shiga tsakani ya ce ƙaddara ce, tun da ba a rasa rai ba sai a gode wa Allah, kowa ya je ya gyara tasa. Da wuya a ji wani ya ambaci inshora a irin wannan taro, alhali kuwa a cikin kowace motar akwai takardar da aka biya kuɗi aka karɓa domin irin wannan rana. In motar sabuwa ce, mai ita yakan daure ya bi sawun hakkinsa. In kuwa tsohuwa ce, ta shekara 15 ko 20, irin wadda galibin ma'aikatan gwamnati ke hawa a yau, sai ya haƙura ya ja ta zuwa gareji, ta zauna bisa duwatsu wata da watanni har albashi ya ba da hali.

Ba haka abin yake ba a da. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, da kuma buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ma'aikaci mai matsakaicin muƙami yakan karɓi rancen mota ya fito da sabuwar 504 fil. Mai ba da rance yakan sa sharaɗin a yi wa motar cikakkiyar inshora, kuma babu gardama game da darajarta, domin rasidin saye yana hannu. Yau kuwa ma'aikaci yana sayen 'yar Kwatano wadda ta riga ta ci rabin rayuwarta a Turai ko Amurka, ko kuma ta hannu wadda ta ratsa masu ita uku ko huɗu kafin ta zo gare shi. Ba wanda zai iya rantsewa a kan ainihin kuɗinta. Wannan rashin tabbas shi ne tushen yawancin rigimar da kan tashi tsakanin mai tsohuwar mota da kamfanin inshora.

Kafin a kai ga rigimar, ya kamata a bambance irin takardar da ke hannun mutum, domin da yawa ba su san abin da suka saya ba. Inshorar mota iri biyu ce manya. Akwai ƙarama, wadda doka ta tilasta wa kowane mai mota tun daga dokar 1945, watau wadda ke biyan diyyar wani mutum dabam da motar ta ji wa rauni, ko ta kashe, ko ta ɓata wa dukiya. Ba ta biyan ko kwabo a kan motar mai ita. Akwai kuma cikakkiya, wadda ta haɗa da wancan, ta kuma ɗauki nauyin gyaran motar mai ita, da gobara da sata. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshora ta motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar wani daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A wannan sanarwa ne ta ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta wa motar.

Saboda haka ma'aikacin da ya faɗa rami da motarsa a hanyar Zariya, ya garzaya ofishin inshora da takardar N15,000 yana neman a gyara masa, ba a cuce shi ba in aka sallame shi hannu rabbana. Abin da bai saya ba yake nema. Laifin da za a ga kamfanoni a nan shi ne ba su damu su bayyana wa jama'a wannan bambanci da harshen da suke ji ba, sai ranar da aka zo karɓar diyya.

Mai cikakkiyar inshora kuwa nasa ciwon kan dabam ne. Ka'idar inshora ita ce a mayar da mutum matsayin da yake kafin asara, ba a bar shi ya ci riba da haɗari ba. A kan wannan ka'ida ne kamfani ke aiko injiniyansa ya duba motar, ya ƙiyasta abin da za ta yi a kasuwa jim kaɗan kafin haɗarin, ya kuma ƙiyasta kuɗin gyara. In kuɗin gyaran ya kusa kai darajar motar, sai a ce ta tashi daga aiki, a biya mai ita darajar, kamfani ya ɗauki gawar motar. Sabuwar mota sai ta yi mummunan haɗari kafin a yanke mata wannan hukunci. Tsohuwa kuwa, da zarar gaba ya lotse, lagireto ya fashe, fitilu da gilashi sun tarwatse, lissafin ya riga ya kai. Motar da injinta ke lafiya ƙalau, wadda ƙwararren mai gyaran bodi zai tayar cikin mako biyu, sai a rubuta ta a matsayin matacciya, a miƙa wa mai ita kuɗin da ba za su saya masa irinta ba.

Daɗin daɗawa, akwai ragin da ake yi saboda tsufa. In aka cire tsohon ƙarfe aka sa sabo, kamfani yakan ce mai motar ya ƙaru, don haka sai ya biya wani kaso daga aljihunsa. Akwai kuma kason farko na kowace asara, wanda yarjejeniya ta ɗora wa mai mota ko da yaushe. Bisa ka'ida ba a ce waɗannan zalunci ba ne. Amma ragin tsufa yana da ma'ana ne inda aka sa sabon kaya na gaske. Motar da aka daina ƙera irinta shekaru da dama, kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ake samunsu, kuma yawanci tsofaffi ne da aka kwance daga jikin wata motar. Duk inda aka maye tsohon kaya da tsohon kaya, sa'an nan aka zaftare wa mutum kuɗi da sunan ya ƙaru, an ci hakkinsa, kuma yana da ikon ya ƙi sa hannu.

Sai kuma babbar matsalar da faɗuwar Naira ta haifar. A al'ada mota tana tsufa darajarta tana raguwa, kuma a kan wannan zato aka gina lissafin kamfanoni. To, amma tun da aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yuni na 2023, Dalar da hukuma ke sayarwa wajen N460 ta haye N1,500 a cikin 2024, farashin tsofaffin motoci da kayan gyaransu ya bi ta. A ɗauka cewa wani malamin makaranta ya yi wa motarsa cikakkiyar inshora a kan Naira miliyan 2 a 2022, yana ta sabuntawa kowace shekara ba tare da ya taɓa adadin ba, alhali yanzu sai da miliyan 5 zai sami irinta. Ranar da ta tashi daga aiki, kamfani ba zai biya shi fiye da miliyan 2 ba, kafin ma a cire kason da ke kansa. In kuwa ya rubuta miliyan 5 ɗin, kashi 5 cikin 100 ya kama N250,000 a shekara, watau fiye da albashi mafi ƙanƙanta na wata uku da rabi bisa N70,000 da aka tsayar a 2024. Kuma duk da haka ba shi da tabbacin za a ba shi miliyan 5, domin kamfani na iya cewa bincikensa ya nuna ba ta kai haka a kasuwa ba.

Wannan shi ne wurin da tsarin ya karkata. Ranar karɓar kuɗi ana amincewa da adadin da mai mota ya faɗa, a yi lissafi a kansa. Ranar biyan diyya sai a ce adadin nan iyaka ce kawai, ainihin darajar sai abin da injiniyan kamfani ya gani. In mutum ya rubuta ƙasa da daraja, shi ke da asara. In ya rubuta sama da ita, ya yi ta biyan kuɗin banza. Ta kowace fuska dai kamfani bai yi faɗuwa ba.

Maganin wannan ba sabon abu ba ne. A Ingila da Amurka masu motocin da suka daɗe suna iya yin yarjejeniyar daraja tun da farko: a duba motar, a ɗauki hotunanta, a amince da adadi, a rubuta, kuma wannan adadin za a biya in ta tashi daga aiki. Babu abin da zai hana NAICOM ta wajabta irin wannan ga duk motar da ta wuce wasu shekaru, a riƙa sabunta ƙiyasin duk lokacin da za a sabunta takarda. Kamfanoni za su ce hakan zai buɗe ƙofar zamba, wani ya haɗa baki da mai ƙiyasi a kumbura darajar akwala, sa'an nan ya cinna mata wuta. Wannan tsoro yana da tushe. Amma injiniyan da kamfani ya yarda da shi ya ƙiyasta tarkacen mota bayan haɗari, ai ya fi sauƙi a gare shi ya ƙiyasta ta tana tsaye da ƙafafunta. Kamfanin da ba ya son ɗaukar nauyin tsohuwar mota ya faɗa tun ranar farko, mai ita ya san inda dare ya yi masa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora a watan Agusta na 2025, wadda ta maye gurbin dokar 2003 da ta 1945, hukumar ba ta da uzurin cewa tsohuwar doka ce ta ɗaure mata hannu.

Kafin a kai can, mai tsohuwar mota yana da abin da zai yi wa kansa. In lissafi ya nuna masa cikakkiyar inshora ta fi ƙarfinsa, ba abin kunya ba ne ya tsaya a kan ƙarama, ya riƙa ajiye wani abu domin gyara. Abin da ba shi da mafita a kai shi ne ƙaramar ta zama ta gaske. Tsohuwar mota ita ce birkinta ya fi saurin cin amana, kuma ba ta zaɓar abin da za ta daka. Ma'aikacin da motarsa ba ta wuce miliyan 2 ba yana iya afka wa wadda fitilarta guda ta fi albashinsa na wata shida. Takardar da ɗan kamasho ya buga masa a gindin bishiya kusa da ofishin lasin za ta iya wuce shingen 'yan sanda, amma ba za ta biya diyya ba. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai inda ake duba lambar mota ta wayar hannu a ga ko inshorarta na da rajista, kuma tun 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken wannan takarda a kan hanyoyi. Wanda kuma ke ƙyamar inshora saboda shubuhar riba, akwai takaful, wadda NAICOM ta fitar da ka'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanonin da ke yin ta.

Ranar haɗari kuwa, bayan an kula da waɗanda suka ji rauni, sauran aikin na takarda ne da haƙuri. A ɗauki hoton motocin kafin a gusar da su, a rubuta lambar ɗaya motar da sunan kamfanin inshorarta, a sami shaidu, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takardarsu. A sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da yarjejeniya ta ƙayyade, kada kuma bakanike ya ɗora sifana kafin injiniyan kamfani ya gani. Yarjejeniyoyin inshora suna hana mutum ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba da iznin kamfani ba. A nan ne kyakkyawar al'adar sulhu kan jawo wa mutum salalan tsiya: wanda ya sa hannu a gaban mai unguwa cewa shi zai gyara, ya ba kamfani hujjar zame jiki. Ba a ce a daina ba juna haƙuri ba. Maganar kuɗi ce kawai za a bar wa waɗanda aka biya domin ita.

In kuma wani ne ya daki tsohuwar motar, hakkin mai ita yana kan inshorar wancan, kuma tsufan motar bai soke shi ba. Idan aka kawo tayin da bai gamsar ba, kada a yi garajen sa hannu a takardar sallama, domin da zarar an sa, magana ta ƙare. A nemi a ga yadda aka yi lissafin a rubuce, a samo farashin irin motar daga dillalai biyu ko uku, a haɗa da rasidan gyare-gyaren da aka yi mata, musamman in an taɓa sauya inji ko giya. Wanda ya fi son a bar masa gawar motarsa yana iya nema a cire kuɗinta daga diyyar, ya je ya tayar da abarsa ko ya sayar da kayanta da kansa, wanda sau da yawa ya fi riba ga tsohuwar mota. Idan duk wannan ya ci tura, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke, kuma ana iya kai mata ƙara a rubuce, tare da kwafin takardar inshora da rahoton 'yan sanda da duk wasiƙun da aka yi musaya da kamfanin.